Katakon Mzee Kombo

Da na ga Shee mai gadi yana kulle rumfar kwale-kwale kafin azahar, sanye da farar rigar biki, sai na nufe shi da sauri.

"Shee, kowa ya dawo?"

"Haba Baban Zuhura, 'yarka tana gida tana cin mahamri. Kai ko a baho aka sa ta, sai ka nemi mai ceto."

A ƙungiyarmu ta masu tuƙi a nan Mombasa, kowa yana da ɗan katako mai sunansa. In za ka shiga teku sai ka rataya shi a ƙusa; in ka dawo, kai za ka cire da hannunka, ka saka a akwati. Mai gadi ba ya kullewa muddin akwai katako a rataye. Na leƙa, ƙusoshi wayam. Na tafi gida.

Mzee Kombo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ya koya wa Zuhura riƙon filafili. Da la'asar matarsa, Bi Mwanaidi, ta leƙo.

"Tsohon nan yana wajenka? Abincinsa ya huce."

Sai a rana ta uku masunta suka tsinci gawarsa a teku. Kwale-kwalensa ya kife, shi kuwa ya ɗaure hannunsa a jiki da igiya. Dokar ke nan da yake nanata wa 'yata: kada ki rabu da jirginki, za a ga katakonki, za a zo.

Bayan jana'iza na sami katakonsa a akwatin waɗanda suka dawo.

"Wa ya cire wannan?"

Shee ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka mantawa ya yi. Ka san tsohon da mantuwa. Ga motar ɗaurin aure tana jirana."

Shugabanni suka zauna, suka sha shayi, suka ce kwana ne ya ƙare. Shee ya ci gaba da riƙe makulli, da sunan 'yata a cikin akwatinsa.

Ban doke shi ba, ko da yake na so. Na mayar da katakon kan ƙusar, na tanƙwara ta da guduma.

"Baban Zuhura, don Allah. In yana nan ba ni da ikon kullewa."

"To jira shi. Shi ma ya jira ka."

Ya kai ƙara. Shugaba ya zo da kansa, ya dubi katakon, ya ce doka ta ce mai suna ne ke cirewa, ya juya.

Mako uku ke nan. Zuhura ta koma tuƙi, ni ina tsaye a gaɓa har ta fito. Shee ya rame, ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar da ba ta rufuwa, iska tana kaɗa katakon a saman kansa. Har yau babu wanda ya san sa'a nawa Mzee Kombo ya yi da rai yana duban gaɓa.