Zomo Mai Karyayyen Kunne

Ni dai mata nake so, kuma tun ina sakandare na san haka. Mama ta yi kukanta, ta yi gaba da ni, da ta gaji ta ce in zo in taya ta dafa wake, aiki ba ya jiran fushi. Ina shekara talatin da tara wadda muke tare ta kwashe kayanta ta koma Osaka, ta bar ni ba abokiyar zama, ba ɗa, ga shekaru suna gudu. Ɗa nake so, nawa ni kaɗai. Asibitocin da na je kuwa bakinsu ɗaya: sai matar aure, ta zo da mijinta. To ni ina na ga miji? Dole na faɗa intanet, inda maza ke tallar maniyyinsu kyauta kamar masu neman kai da 'ya'yan mage.

Yaya Shinobu ce ta ɗora ni a hanya. Ba 'yar'uwata ba ce, babbar ƙawa ce da ke Sapporo, ita ma ta haka ta samu 'yarta. A waya ta yi mini huɗuba.

"Ki buɗe kunne, Chigusa. Kada ya san sunanki, kada ya san garinku. In an haifi yaro, namijin da ya san sunansa da inda aka yi masa rajista zai iya tafiya ofishin gari ya ce shi ne uba, ba sai kin yarda ba. Daga nan kin samu miji har abada, ba ko biki."

"Yaya, tsoro kike ba ni."

"Ai gara ki ji shi. Mara tsoro ce ke kwana a ciki."

Na zaɓi wani mai kiran kansa Sora, ni kuma na ce sunana Kaede. Ya turo sakamakon gwajin jini, muka sa rana a Sendai, nesa da garinmu da ke lungun duwatsun Yamagata, daidai ranar da ƙwaina zai sauka.

Da safen ina sa takalmi Mama ta tare ƙofa da kwali a hannu. Shagonmu na manju ne tun zamanin kakana, 'yar wainar nan ta turare mai zaƙin jan wake a ciki.

"Mama, ba biki za ni ba."

"Mutum zai ba ki jika ki je masa hannu na dukan cinya? A gidan wa aka yi miki wannan tarbiyyar? Ko kabewa maƙwabci ya ba ka ai ka mayar da kwano da wani abu."

Gaskiya ta faɗa, ni kaina kunyar zuwa haka nan nake ji. Amma na yi wayo, a ganina. Na yage takardar shago, na cire ɗan katin da ke da adireshi, na juye wainar a farin kwali mara rubutu, na ɗaure da zare.

A shagon shan kofi na kusa da tasha na same shi. Kai, da mummuna ne ko mai wari da hankalina ya fi kwanciya. Mutum tsaf, da tabarau, irin wanda za ka ba ajiyar makullin gida. Ladabi har ya yi yawa. Muka zauna, aka kawo mana kofi.

"Malama Kaede, kin sha hanya? Harshenki kamar na mutanen ƙetaren dutse."

"Nan kusa nake," na ce.

Ya matso ya rage murya. "Ba don komai ba, amma hanyar asali ta fi kamawa. Matan da suka yarda da ita duk sun samu da wuri."

Na girgiza kai. "Mun yi magana, Malam Sora. Sirinji."

"Haka ne, haka ne. Ki yi haƙuri."

Ya tashi ya shiga banɗakin babban kantin da ke maƙwabtaka, ni kuma na zauna ina kallon ƙofa, zuciyata na cewa tashi ki gudu. Da ya dawo ya miƙo mini 'yar jakar takarda da hannu biyu, har da sunkuyawa. Na ciro ɗan kofin robar da maniyyin ke ciki na cusa a cikin rigata don kada ya huce, na miƙa masa kwalina, ni ma da hannu biyu. Sai da na zaga tituna ina waiwaye kafin na shiga ɗakin otal da na kama. Na yi abin da ya kawo ni, na kwanta da ƙafafu a jikin bango, ina kuka ban san na mene ne ba.

Abin mamaki, karo ɗaya ya kama. Da likita ta nuna mini ɗigon da ke bugawa, na fito na zauna a mota na kasa tuƙi don murna. Ladabi ya ce a sanar da wanda ya taimaka, don haka na tura masa godiya, da niyyar in rufe shi a wayata daga nan. Kafin in ajiye waya amsa ta shigo.

"Barka! Ki riƙa turo hoto, ina son ganin fuskar duk yarana. Af, wainar nan ta yi daɗi. Zomon da ke kanta mai karyayyen kunne ya ba ni dariya. Wane shago ne?"

Wayyo ni! Zomon! Kowace waina da ta fito daga tukunyarmu sai an ɗana mata ƙarfe mai zafi, tambarin kakana: zomo, kunnensa ɗaya a lanƙwashe tun ranar da ƙarfen ya faɗi a hannun tsohon ya ƙi gyarawa. Ni nake bugawa da hannuna kullum, tun ina 'yar firamare, har idona ya daina ganinsa. Na yage takarda, na cire kati, ashe na ba shi adireshinmu guda goma sha biyu a jere.

Na rufe shi, amma ina amfani? Ba a yi mako ba Yaya Shinobu ta kira, muryarta ba wasa. Sora ya saka hoton wainar a intanet, wai kakarsa marigayiya ce ke son ta, yana roƙon wanda ya san shagon ya taimaka. Mutane kuwa, ga son taimako, kowa na jefa nasa hasashen.

Na faɗa wa Mama tana wanke tukunya. Na zaci za ta ce ai ga irinta nan. Sai kawai ta goge hannu, ta sauke labulen ƙofa mai zanen zomon, ta naɗe ƙarfen a tsumma ta sa a ƙasan akwati. Matar da ko ranar da Baba ya rasu sai da ta ɗora ƙarfen nan a wuta. Washegari muka sayar da waina fara fat, kwastomomi na tambaya, tana ce musu ƙarfen ya tafi gyara.

Ciki ya yi ta girma, ni kuma na koma kicin, bayan labule. Duk sanda ƙararrawar ƙofa ta kaɗa sai numfashina ya tsaya har in ji muryar mai shigowa. Abinci ba ya shiga. Takalmin maza in na hango ta ƙasan labule, sai yaron ya motsa kamar shi ma ya gani. Da aka girbe shinkafa ba labari, na fara cewa ƙila ya gaji.

Wata ranar Asabar da hantsi ƙararrawa ta kaɗa.

"Sannu da aiki, Iya. Don Allah tambaya nake."

Muryar Sora ce. Na toshe baki na jingina da bango. Tsakanina da shi labule ne kawai.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Mama, da muryar kasuwa. "Me za a kawo?"

"Wannan zomon nake nema. An ce mini nan ne."

"Mu gani. Kai, idona ya mutu, ɗana. Zomo ne wannan ko ɓera? Namu dai ga su nan, ba ado. Gwada garin gaba."

Sai ya ce a ba shi guda ɗaya, kada ya fita hannu wofi. Na ji ƙarar takarda, na ji yana taunawa a hankali.

"Waken nan," ya ce, "akwai ɗan gishiri a ƙarshensa. Na ci na shaguna da yawa, Iya, ban ji shi ko'ina ba sai a farin kwalin nan." Ya ɗaga murya kaɗan, cikin ladabinsa. "Malama Kaede, a kula da jiki, sanyi ya fara. Zan leƙo bayan an sauka."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Na zame na zauna a kan buhun wake.

Mama ta shigo, fuskarta ta yi fari kamar garin shinkafa. Ta rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta kira Yaya Shinobu da kanta. Suka yanke cewa in koma Sapporo, in mayar da rajistata can, in haihu can. Sunan yaro kuwa kada kowa a garin nan ya ji.

"Har ke, Mama?"

"Ni ce ma ta farko. Kin san bakina, da mai kawo sukari ma hira nake." Ta buɗe akwati ta ciro tsumman, ta cusa ƙarfen a jakata tsakanin kayan jarirai. "Na yaron ne. In ya girma ki ce masa kakarsa ce ta matsa a kai tsaraba."

"Zan turo miki hoto."

"Kul," ta ce, tana ninke 'yar rigar da ta saƙa. "Zai dawo ya tambaye ni, kuma kin ji yadda ƙaryata take."