Jikar Mai Baho

A gidanmu aikin gida lokacinsa ba ya tashi. Ƙarfe biyar na yamma Afra'u za ta dawo daga islamiyya, ta cire hijabi, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta zazzage jakar bokonta. Ni kuma in jawo kujerar roba in zauna, in ce, "To, me suka ba mu yau?"

Idan na ce taya ta nake yi, na rufa wa kaina asiri. Gaskiyar magana ni nake yi, ita ta kwafa. Ni ne na fara yin boko a zuriyarmu, ina aikin ofis a cikin Rano, biro uku a aljihun gaba, kuma ba na son in ga jan biro a littafin 'yata. Matata Sadiƙa takan leƙo daga madafi ta ce, "Malam, ranar jarrabawa ma kai za ka sa yunifom ka je?" Sai in ce ta ji da tukunyarta.

Wata Litinin ce, a shekara ta biyu da ƙaddamar da shari'a, Afra'u tana aji biyar. Ta buɗe littafi ta karanta mini abin da malamarsu, Malama Maijidda, ta ba su: kowa ya sami tsoho a gidansu ya tambaye shi yadda aka yi rayuwa a zamanin Turawa, da irin aikin da ya yi, ya rubuto shafi guda.

"Wannan mai sauƙi ne, Abba," ta ce tana shirin miƙewa. "Ga tsohon mijina can a zaure."

Mahaifina take nufi, Malam Isiyaku. Tun da mahaifiyarmu ta rasu na ɗauko shi daga Zurgu ya dawo wurina. Shi da Afra'u kullum cikin tsokana suke, yana ce mata matarsa mai rowa, tana ce masa ita ba ta auren wanda ba haƙori.

Na ce, "Zauna."

Ta dube ni. Na ce Baba ya gaji, kuma tsufa ya sa yana cakuɗa zance, ni na san labarin duka. Ƙarya nake yi. Baba yana iya lissafa maka gonakin Zurgu da masu su tun daga kakanni.

Abin da nake gudu suna ne. A Zurgu ba wanda ya san Malam Isiyaku, Mai Baho suka sani. A zamanin Turawa, idan Di'o, Baturen mulki, ya fito rangadi, shi ne yake ɗaukar masa bahon wanka a ka. Iyakar abin da na sani ke nan, don ban taɓa tambaya ba, ban kuma so in ji ba. Ina firamare yara suna bina suna kiɗa gwangwani suna cewa, "Ɗan Mai Baho, a zuba ruwa!" Na yi dambe a kan sunan nan har na fasa wa wani baki. Da na girma na zo Rano na bar shi a ƙauye, kuma ban yi niyyar ya biyo 'yata cikin aji ba.

Saboda haka na gyara zama na ce, "Rubuta. Kakana Malam Isiyaku shi ne tafintan Di'o."

Na shirya abin kamar mai rubuta takardar neman aiki. Na sa wa Baba jar dara da farin doki. Na ce idan Bature ya yi magana shi yake fassara wa jama'a, dagatai suna miƙewa idan ya shigo. Afra'u tana rubutu tana zare ido. "Kaka yana jin Turanci?" Na ce ya manta, rubuta kawai.

Ranar Laraba na dawo daga ofis na tarar da Baba a zaure tare da amininsa Ɗanmalam, wanda ya zo daga Zurgu cin kasuwa ya tsaya gaisuwa. Tare suka taso. Na durƙusa ina gaishe su ke nan sai ga Afra'u ta faɗo da gudu, littafi a hannu.

"Goma bisa goma! Kaka, Malama ta ce ranar Juma'a in zo da kai ka yi wa 'yan ajinmu bayani. Duk ajin ni kaɗai ce kakana ya yi aiki da Bature."

Na ce ta shiga ciki, manya suna magana. Baba ya ce, "Ƙyale mini matata. Karanta mu ji abin da aka ba goma."

Ta tsaya ta haɗa ƙafa kamar a gaban asambuli, ta karanta tun daga jar dara har dagatai. Ni ina durƙushe, na ƙura wa tabarma ido. Da ta kai wurin farin doki Ɗanmalam ya fashe da dariya har yana tari.

"Isiyaku, ashe doki gare ka ka bar mu muna taka sayyada? Tafinta! Kai, Allah Ya shirya 'yan boko."

Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi Afra'u a hankali, "Wa ya faɗa miki?"

"Abba."

Sai ya juyo gare ni. Na gwammace ya zage ni a gaban baƙo, amma kallona kawai ya yi. Ɗanmalam ma ya haɗiye dariyarsa, ya hau gyara goron da ke cikin aljihunsa.

"Muntari," Baba ya ce, don haka yake kirana, "duk mutanen zamanin nan ka rasa wanda za ka mai da ni sai tafinta?"

Ya kai hannu ya cire hularsa. Ni da na haura arba'in ban fi sau uku na ga kan mahaifina a buɗe ba, ko alwala zai yi ɗan tura hular baya yake ya shafa. Tsakiyar kan ta shafe, ta yi baƙi ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Ya ce wa Afra'u, "Taɓa." Ta taɓa da yatsa ɗaya.

Ya ce yana da wajen shekara goma sha shida mai unguwa ya zo ya ce kowane gida a ba da namiji guda na ɗaukar kayan Di'o. Mahaifinsa aka kira, ga shi kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura ba ya iya takawa. Dogari ya ce ko da jan gindi ne sai ya je. Shi ne Baba ya ce a rubuta shi. Da aka raba kaya, wani ya sami akwati, wani kujera, shi da yake dogo ne aka ɗora masa bahon ƙarfe. Daga Rano zuwa Kibiya, daga nan a zaga ƙauyuka, rana ta gasa ƙarfen har gammo ya ɗau zafi.

"A wani rafi santsi ya kwashe ni, baho ya bugi dutse ya lotse. Ban sani ba ko Baturen ya ce a dake ni, don ba na jin yarensa. Abin da tafinta ya ce ya faɗa, shi muka sani. Tafintan ne ya karɓi bulala a hannun dogari ya zane ni da kansa, yana kan doki, da jar dararsa. Goma sha biyu. Ɗanmalam yana wurin, shi ne mai kujera."

Ɗanmalam ya ce, "Sha uku ne. Ni na ƙirga."

"Rani huɗu ina ɗauka," Baba ya ci gaba, "don kada a koma kan babana. Sunan da ya bi ni ke nan. Ban taɓa jin kunyarsa ba, Muntari. Ban san kai kana ji ba sai yau."

Kunya ta rufe ni har na ji gumi yana bin bayana. Afra'u tana tsaye tana duban littafinta, tana dubana. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baba, sai in je in gaya wa malamar ba ka da lafiya."

"A ƙara wata ƙaryar a kan ta farko? Lafiyata ƙalau. Kai za ka kai ni a babur ɗinka."

Ranar Juma'a da safe na goya shi. Malama Maijidda ta tarbe mu da fara'a, ta sa yara suka miƙe suka gaida "tafintan Di'o". Baba ya dube ni. Dole na tsaya a gaban yara sittin da wani abu, da biro ukuna a aljihu, na ce abin da ke littafin Afra'u ba gaskiya ba ne, kuma ba laifinta ba ne, ni na shirya shi. Malamar ta ce, "Ikon Allah," ta sunkuyar da kai. Ita ma kunyata ta kama ta.

Baba ya karɓi ajin kamar dama aikinsa ne. Ya ari ɗankwalin da malamar take goge allo da shi, ya naɗe shi ya nuna musu yadda ake gammo. Ya ɗora benci a ka ya taka daga ƙofa zuwa taga bai riƙe ba, yara suna tafi. Ya gaya musu abin da suke ci a hanya, da yadda ake kwana a bayan bariki, da rafin, da bulalar. Wani yaro a baya ya ce, "Mai Baho!" aka yi dariya. Na dunƙule hannu kamar ina ɗan shekara tara. Kafin in motsa Afra'u ta juya ta ce, "E, kakana ne. Naka me ya ɗauka?"

Malama ta soke goman, ta ce a sake. Afra'u ta rubuta da kanta, da kurakuranta, ta sami shida. Na ga littafin a kan taga, jan biro ko'ina, a sama ta rubuta sunanta ta ƙara da "jikar Mai Baho".

Litinin da ta biyo, ƙarfe biyar, na jawo kujerata gindin darbejiya kamar kullum. Afra'u ta dawo, ta cire hijabi, ta ɗauki tabarma da jaka. Na ce, "To, me suka ba mu yau?"

"Lissafi ne, Abba. Zan iya."

Ta wuce ni ta shiga zaure ta shimfiɗa a gefen Baba, wanda ko harafin boko ɗaya bai sani ba. Ina jin su, tana ƙirga da ƙarfi yana ce mata ta yi a hankali, ba kora ake yi ba. Sadiƙa ta leƙo daga madafi ta gan ni zaune ni kaɗai, wannan karon ta koma kan tukunyarta. Har Afra'u ta gama firamare ba ta sake kawo mini littafinta ba.