Gilashin Kansila Abdulmannan

Fiyus na huɗu ya ƙone tun motar ba ta bar gindin darbejiyar Malam Isa mai wayarin ba. Aka ji ɗan tas, iskar sanyi ta ɗauke, Kansila Abdulmannan ya fito yana fifita da hula kamar wanda aka zalunta.

Ba zafi ne damuwarsa ba. Mutumin da ya tashi a fadama yana korar tsuntsu a gonar shinkafa, ai rana ba za ta ba shi tsoro ba. Damuwarsa gilashi. In esi yana aiki, baƙin gilashi yana rufe ruf, ba mai leƙowa ya tambaye shi labarin kwalbatin Garin Hamman da ya rantse zai gina lokacin kamfe. Shekara biyu ke nan da ya tare a Haɗeja. Yau kuwa dole ya ratsa Garin Hamman ɗin, don a ƙetarensa ake sunan jikan shugaban jam'iyya na mazaɓa, wanda tikitin tazarce ke hannunsa.

Malam Isa ya ɗaga ƙonannen fiyus yana dubawa ta tabaransa mai ɗaurin zare. Ya ce fiyus ba ya ƙonewa a banza, akwai wayar da ta saɓule tana taɓa ƙarfe. Ya yaye shimfiɗar ƙasan mota, sai ga danshi da warin ruɓa. Ya tambaya ina motar ta yi iyo. Kansila ya ce ba ko'ina. Can ya tuna cewa makon jiya ya keta ruwan kwalbatin a guje, don kada a tare shi. Malam Isa ya ce to a bar masa ita zuwa gobe ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, shi fiyus ɗan aike ne. Ya zo ya ce akwai wuta a gida, kai kuma sai canza ɗan aike kake yi."

Kansila bai zo jin karatu ba. An sa jan fiyus ya ƙone, an sa shuɗi, an sa rawaya, har kore babbansu bai kai labari ba. Ya ce to a sa masa wanda ba ya ƙonewa. Malam Isa ya ce ba da hannunsa ba. Sai Kansila ya tsinci guntun jar waya a ƙasa, ya murɗe ta, ya cusa a ramin fiyus yadda ya sha ganin direbobin tasha suna yi. Nan take sanyi ya dawo. Daɗi ya kama shi har ya ce wa tsohon abu ba ya son lallashi. Malam Isa ya yi masa fatan sauka lafiya, ya ƙara da cewa in ya ji wari ya kashe.

Hanya ta miƙa, shinkafa kore shar a dama, ciyawar kacala ta cinye hagu. Kansila ya kulle ƙofofi kamar kullum, ya jingina. Da ya ji wari, sai ya ce masu bandar kifi ne.

A bakin ruwan Garin Hamman mutane sun taru, masu jera buhunan ƙasa, masu ɗaga babur a ƙetare da shi, mata da kwandunan kifi. Nan hayaƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin sitiyari, mota ta mutu. Kansila ya danna maɓallin gilashi, shiru. Ya ja ƙofa, ya manta cewa da hannunsa ya kulle ta. Tsoro ya kama shi sosai, ya shiga dukan gilashin nan da ya biya kuɗi aka baƙanta, na waje kuwa ba sa ganin mai dukan.

Shu'ibu masunci ne ya hango hayaƙin. Ya ɗauki ɓallen siminti na rusasshen kwalbatin ya tarwatsa gilashin. Aka jawo Kansila ta taga, babbar riga ta bar rabinta a ciki. Wani ya cire kan batir, sauran suka yi ta kwarara bokitai. Ruwa dai ba a yi wahalar nemansa ba.

Aka zaunar da shi a kan buhun ƙasa yana tari. Yakaka mai kifi, wadda ta goya shi yana jariri, ta sauke kwandonta ta ƙare masa kallo.

"Ashe kai ne a ciki, Abdu. Shekara biyu muna ɗaga wa gilashi hannu."

Ba wanda ya ambaci kwalbati. Sannu kawai ake yi masa, wannan ya zo ya yi, wancan ya zo ya yi, kunya ta rufe shi har ya gwammace zagi. Daga ƙetare ana jiyo lasifikar gidan suna. Ya duba agogo, ya tambayi Shu'ibu a hankali yadda zai haye.

"Yadda muke yi, ranka ya daɗe."

Kansila ya cire takalmi, ya naɗe wando har gwiwa. Yakaka ta ce ya ƙara naɗewa, tsakiyar ta fi haka zurfi.