Ranar da Marigayi Zai Yi Magana

"Kat!" darakta ya daka tsawa karo na shida. "Wace irin gawa ce wannan mai numfashi kamar zugazugi?"

A kan gadon asibitin da aka ara musu na awa biyu, direban kamfani ne kwance cikin farin zane, tumbinsa na hawa yana sauka. Mai fitowa a gawar bai zo ba, shi ne aka damƙo direba daga mota.

Marigayi na tsaye a gefe cikin farar rigar likita, sai gyara kwala yake. Shekara tara yana fim, sau talatin da ɗaya yana mutuwa: mota ta kaɗe shi, an ba shi guba, ya faɗa rijiya har sau biyu. Daga nan ya samo sunan. Ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ba, sai yau da aka ba shi jimla guda: "Mun yi iya ƙoƙarinmu, sai dai haƙuri." Kwana huɗu yana bitarta a banɗaki, har matarsa ta fara amsa masa da "Allah ya jiƙan rai" ta bayan ƙofa.

"Saura minti ashirin su karɓe ɗakinsu," in ji darakta. "In wannan ya ƙi mutuwa, Marigayi, ka cire rigar nan ka hau gado."

Marigayi ya kalli gadon. Ba a banza kowane darakta ke nemansa ba. Yana da sirrin sana'a da ko amininsa bai sani ba. Amma ya dubi rigar, ya ji ya fi son ta. Ya sunkuya kusa da kunnen direba.

"Yaya, saurara. Kada ka cika ciki da iska, fitar da ita za ka yi. Saki haɓa. Ido kuma ba a matse shi. Ka ƙirga ashirin a zuci, ban da haɗiyar yawu."

"In ƙafata ta yi ƙaiƙayi fa?"

"Gawa ba ta susa."

"Akshin!"

Direba ya yi mutuwa mai kyau, har mai kyamara ya yi salati ƙasa-ƙasa. Jarumar fim ɗin ta fashe da kuka, ta cafki hannun farar riga. "Likita, yaya mijina?"

Kyamara ta juyo. Marigayi ya dubi kyamarar, ita ma ta dube shi. Sai a lokacin ya tuna bai taɓa haɗuwa da ita ido buɗe ba. Jiki kuwa ya yi abin da ya saba in ya ji akshin: numfashi ya ɗauke, haɓa ta saki, ko gashin ido bai motsa ba.

"Kat! Yanzu gawa biyu gare ni, ɗaya a tsaye!"

Aka sake. Aka kuma sakewa. Ko "mun" bai fito ba.

Bai jira a ce masa ba. Ya cire rigar ya miƙa wa direba, wanda maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya rufu a tumbinsa. Cikin kunya da takaici ya hau gado, aka ja zane har kansa.

"Akshin!"

A nan cikin zanen jimlar ta dawo masa tsaf, har da inda zai ɗan tsaya ya girgiza kai. Ya ji direba na kwaɓa ta a gaggauce. Bai motsa ko leɓe ba.