Kyaftin ɗin Baba

Mahaifina tela ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya fara ce maka shi lamba shida ne. Shekara ashirin ya yi yana taka leda. Da gwiwa ta ƙi sai ya koma sauraron ƙwallo a rediyo, daga baya kuma ya faɗa wasan fantasi a waya: ka zaɓi 'yan wasa na gaske, su ci ƙwallo a can, kai ka samu maki a nan. Wanda ka naɗa kyaftin makinsa ninki biyu ne.

Su takwas ne a gasarsu, duk tsofaffin abokan fili. Doka ɗaya gare su: wanda ya zo na ƙarshe zai huta kaka guda, a cire shi har daga zauren hirarsu na waya.

Bana idon Baba ya yi rauni, sai ni 'yarsa na zama mai danna masa waya. Duk Asabar da safe ina kan benci, tsakanin keken ɗinki da tulin ƙyallaye, yana faɗa ina sawa. To tun tsakiyar kaka ya tsiro da wani abu mai ban haushi, wai sai wani ɗan baya mai fama da rauni zai ba kyaftin. Na yi mita har na gaji, shi dai ya ce in sa kawai. Muna ji muna gani ya zamo daga na uku zuwa na bakwai. Mutum ɗaya ya rage a ƙasansa, amininsa Gola, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bara.

Makon ƙarshe maki huɗu ne tsakaninsu. Wallahi raina bai ba ni in ga an cire ubana ba. Ya faɗi ɗan bayan nan nasa, na ce to, amma na danna wa wani ɗan gaba kyaftin. Mutumin ya zura biyu, Baba ya tsira.

Washegari na shiga shago ina washe baki, na gaya masa aikina. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Uwata," ya ce, "Gola ba ya fita. Wasan nan ne kaɗai ke sa mutum bakwai su kira shi duk mako su yi masa tsiya. Ni ina da shago, mutane na shigowa."

Kunya ta kama ni. Na ce ai sai a ɗage dokar bana. Ya ce Gola ne ya kafa ta da kansa, kuma ya fi ƙin a ji tausayinsa a kan komai.

Muna cikin haka saƙon murya ya shigo. Baba ya ce in kunna. Gola ne, harshensa na harɗewa, yana taya Baba murna, yana dariya wai saura ƙiris ya kamo shi. Daga ƙarshe ya roƙa a riƙa gaya masa sakamako, in an tuna.