Ruwan Alhamis na Baba Eshmurod

"Miƙo min ƙasar," in ji Baba Eshmurod daga kan shimfiɗarsa.

Zebiniso ta ɗebo ƙasa daga gindin pechak, yaɗon da ya lulluɓe katangar da ta raba gidanta da nasa, ta zuba masa a tafin hannu. Matarsa ce ta dasa shi kafin ta rasu. Yanzu ganyen ya ƙone ta baki-baki, yana zuba kullum. Tsohon ya ɗora ƙasar a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Gishiri. Wa ke ba shi ruwan rijiya?"

Ta sunkuyar da kai. Tun da ciwo ya kwantar da shi take zuba wa yaɗon buta guda kowace safiya, ba ta gaya wa kowa ba.

"Ni ce, Baba."

"Allah sarki, 'yata. Da kirki za ki kashe min shi. Ruwa kaɗan gishiri yake kirowa sama." Ya sa ta karyo reshe, ya kankare ɓawon da farce. Can ciki, kore shar. "Kin gani? Ya fi ni sauran kwana."

Shekara arba'in yana raba wa unguwannin Buhara ruwan lambatu, don haka ba ta yi musu ba. Ya ce Alhamis ruwa zai zo layinsu, na awa guda. In ya zo, ta buɗe masa hanya, ya kwanta a gindin har idon sawu, ya nutse, ta sake, sau uku.

"Ko me kika ji, kada ki bar bakin ruwa. Ba ya dawowa sai bayan sati biyu, pechak kuma ba zai kai ba."

"In shayina ya ƙone fa?"

"Shayinki dama bai taɓa daɗi ba."

Alhamis da hantsi ruwan ya iso, launin ƙasa, da sanyin duwatsu. Yana nutsewa karo na biyu ta ji kukan Mohira, 'yar Baba, daga ɗakinsa. Zebiniso ta saki fartanya, ta yi taku biyu, ta tsaya. Ta dawo ta ɗauka. Ta buɗe na uku tana hawaye, ƙafafunta cikin laka, tana kallon farin gishiri yana narkewa daga fuskar ƙasa. Sai da ruwan ya yanke ta shiga. An riga an rufe wa Baba ido.

Ranar sadakar arba'in, mata na kai farantan shinkafa da gurasa wurin maza, Mohira ta ja Zebiniso zuwa katanga. Daga inda aka karyo reshen da Baba ya kankare, ɗan ganye ya fito, bai kai farcen jariri ba, yana ƙyalli.

Zebiniso ta durƙusa, ta ɗan taɓa ƙasar da yatsa, ta kai harshe.