Ciwon Cikin Baban Aku

Malamar 'yan rainon ce ta jawo mana. Ranar da muka kai 'yarmu, wadda muke kira Aku saboda surutu, ta ce, "Ku bar mana harshen makaranta. A gida kowa ya riƙa yi mata nasa."

Maigidana ya bugi ƙirji. "Ai yarenmu a jinina yake!"

A raina na ce, ka ji shi! Mutumin da ya bar gaban uwarsa yana shekara tara? Amma na san abin da ke cinsa. Tsohuwarsa ba ta jin Hausa ko ta sayen gishiri, shi kuma tsoronsa kada jikarta ta girma su riƙa kallon juna kamar baƙi.

Wata biyu abin ya tafi daidai: zo, ci, kwanta, bari. Sai Aku ta shiga shekarun tambaya. Ta nuna mariƙin ƙofa, ta nuna gizo-gizo, ta nuna ƙasan cokali. Duk abin da ta nuna, sai gogan ya dafe ciki, ya ce yana zuwa, ya faɗa banɗaki. Bayan minti biyu ya fito da amsa, yana wani hura hanci.

Ni da tausayi har magani na sayo masa. Sai ran nan na je ɗaukar bokiti, na ji shi yana raɗa a waya, yana kame-kame da guntun yarensu da ni ma nake tsinta: "Inna, yaya ma ake ce wa gwiwar hannu?"

Wallahi sai da na zauna a ƙasa don dariya.

"Sau nawa a rana?" na tambaye shi da ya fito.

"Ke dai ki rufa mini asiri."

Asirin bai rufu ba, don Aku ma ta gano. Ta ƙwace wayar, ita da kakarta suka ɗinke. Kullum bayan makaranta tana kwance a kan kujera, ƙafa a sama, suna zuba. Uban sai dai ya riƙe caja.

Wata ranar Asabar ya zauna kusa da su yana gyara fanka, wayar a buɗe kowa na ji. Tsohuwa ta yi wata doguwar magana. Na ga ya ajiye sukurdireba, yana kasa kunne, amma ya kasa kamo zaren. Kunya ta rufe shi, ni ma sai dariyar ta tsaya mini.

Ya taɓa ƙafar Aku. "Me ta ce?"

Aku ta yi masa kallon malamai. "Baba, kai ma ba ka ji! Cewa ta yi shekara talatin tana jiran ka kira ta ba don an yi rasuwa ba. Wai ko gwiwar hannun ce, ka sake tambayarta, ba ta gaji ba."